Yadda zaka koyi aktin ka shiga harkar fim ba tare da ka bata shekarunka a banza ba

Kusan kullum sai an turo min sako, "yaya dan Allah inaso na shiga fim ga hotona", sai kaga saurayi ya sha shadda da tabarau ya jingina da motar da ba tasa ba, ko budurwa an sha kwalliya da filta har hancin ya kusa bacewa. Ni kuma tambaya daya nake musu, ka taba tsayawa gaban mutum goma kayi maganar minti biyu baka daburce ba? Yawanci daga nan hirar take mutuwa. Na gaji da amsawa daya bayan daya shiyasa nace bari na zauna na rubuta gaba daya, duk wanda ya sake tambaya sai na tura masa. Ni dai ba wani babban jarumi bane, aikina yafi yawa a bayan kyamara, na rike kontinuti, wato lura da kada kaya ko motsin dan wasa su saba daga dauka zuwa dauka, na taya daraktoci aiki, na fito a dan sanda da masinja da abokin ango ba adadi, amma a nan bayan kyamarar ne mutum yake ganin wanda za'a sake kira da wanda daga yau an gama da shi.

Matakin farko, fara a inda kake

Kar ka tattara kaya ka taho Kano tukuna. Nemi kungiyar dirama a garinku, ta makaranta ce ko ta unguwa ko ta matasa masu wasan fadakarwa akan rigakafi da shaye shaye, ka shiga, ko rike labule aka baka ka rike. Manyan da muke tinkaho da su duk ta nan suka biyo, su marigayi Kasimu Yero da Usman Baba Pategi wato Samanja a Kaduna, da Karkuzu a Jos, wasan dabe, wato na kan dandali a gaban yan kallo, da rediyo da talabijin suka sha kafin a san wani abu wai shi fim din bidiyo. Shi kansa Turmin Danya da ake lissafawa a matsayin fim din Hausa na bidiyo na farko da ya shiga kasuwa a 1990, kungiyar dirama ce ta Tumbin Giwa a Kano ta yi shi, sunan Kannywood ma sai a 1999 ya fito a mujallar Tauraruwa. Amfanin dabe shine babu kat, wato babu daraktan da zai tsayar da wasa a sake, idan ka manta magana dole ka san yadda zaka fidda kanka a gaban jama'a, kuma yan kallo basa munafunci, in baka basu dariya ba shiru zakaji kamar anyi ruwa an dauke. In babu kungiya a garinku ku hada mutum hudu ko biyar ku rika haduwa sau biyu a sati.

Na biyu, murya

Wannan kullum ake yi, minti goma sha biyar da safe ya isa. Kwanta rigingine ka dora littafi akan cikinka, ja numfashi ta hanci har kaga littafin ya daga, in kafadarka ce take dagawa to ba daidai kake ba, sannan ka saki iskar a hankali kana cewa ssss kana kirgawa a zuci, yau ka kai goma sha biyar, wani satin ashirin, haka haka. Wanda yake magana da iskar ciki zaiyi sin, wato fitowa daya a fim, na fada sau takwas muryarsa bata dushe ba, mai yi da makogwaro kuwa a na uku ya fara neman ruwan dumi. Bayan nan sai karya harshe, irin wanda muka yi muna yara, turmi ture kura kura ture turmi, ko da kwado da kato suka tafi koto, ka fara a hankali kowane harafi ya fita sannan ka kara gudu. Sai ka dauki jarida ko littafin Hausa ka karanta shafi daya da karfi kana dauka a waya, ka saurara. Ranar farko zaka tsani muryarka, kowa haka yayi, amma a nan zaka gane kana hadiye karshen kalmomi ko kana gudu kamar an biyo ka.

Ka kuma bude kunne ga karin harshe. Basakkwace zaice shina zuwa gidanai, Bakano yace yana zuwa gidansa, ga Katsinanci ga Zazzaganci ga Hausar bariki irin ta sojoji wacce Samanja ya ci abinci da ita shekara da shekaru. Amma in zakayi kayi da gaske, ka zauna da masu harshen, domin babu abinda yake ban haushi kamar dan wasan da ya iya "mi" da "hwa" kawai yace ai Sakkwatanci yake.

Na uku, zama dan kallon mutane

Sayi karamin littafi na aljihu. Je teburin mai shayi, tashar mota, Kantin Kwari, layin asibiti, harabar kotu, ka zauna kayi shiru kana kallo. Dubi yadda dan kasuwar da ake bin bashi yake amsa waya, yadda yake dariyar da bata kai ciki ba yana sosa keya yana cewa "Alhaji wallahi yanzu nake shirin kiranka". Dubi tsohuwa in zata tashi daga tabarma, da me take fara dafawa, wace kara take yi, wane salati take ja. Dubi wanda aka yiwa rasuwa a wajen zaman makoki, zakaga mafi yawan lokaci ba ihu yake ba, ido kawai ya zuba a kasa ana masa gaisuwa yana amsawa kamar ba shi ba. Rubuta abu uku kullum, in ka koma gida ka gwada su a daki. Wannan littafin shine jarinka, in babu shi to abinda zakayi kawai shine kwaikwayon wani jarumi da ka gani a fim, shi kuma darakta yana da lambar wancan din, me zaiyi da kwafi?

Na hudu, sikirif

In an baka sikirif, wato rubutaccen labarin fim din, kar ka tsallaka kana neman inda sunanka yake, karanta labarin duka in an baka duka, in kuma sin dinka kadai aka turo maka a WhatsApp da daddare, wanda hakan yana faruwa sosai, to ka tambayi mataimakin darakta me ya faru kafin wannan sin din. Sannan ka amsa wa kanka wadannan a rubuce a gefen takardar: ni wanene, daga ina na fito yanzu, me nake so a wajen wanda nake magana da shi, me ya hana ni samu. Ta ukun nan itace uwa. Dauki magana daya, "Baba ina kwana". Dan da yazo rokon kudin makaranta, da dan da ya fasa gilashin mota jiya yana so ya gane ko an sani, da dan da yazo fadawa uban an sako kanwarsa, dukkansu kalmomin daya ne amma gaisuwar ba daya bace. Akwai wani malamin wasan kwaikwayo dan Rasha, Stanislavski, cikin wadanda suka kafa gidan wasa na Mosko a 1898, har yau a jami'o'i ana koyar da dabararsa, gundarinta shine ka tambayi kanka, da ni ne a wannan halin ya zanyi? Kai din nan da kanka, da halinka da tarbiyyarka, ba yadda ka ga anayi a fim din Indiya ba.

Haddar kuma ga yadda nake koya wa yara. Kwafe maganganunka da biro sau daya. Dauki maganganun abokin wasanka a waya da muryarka kana barin fili a inda naka zai shigo, sai ka kunna kana cikewa, kana wanki kana yi, kana tafiya kana yi. Kar ka haddace da salo, wato kar ka saba da cewa nan zan daga murya nan zan girgiza kai, haddace shi salam kamar karatun allo, salon a lokeshan, wato wajen daukar fim, zai zo. Kuma ka sani daraktocinmu da yawa basa damuwa da sai ka fadi kalma da kalma, wani ma zai baka bayanin sin din ne kawai yace ku yi, wani kuwa wasali daya ka canza sai yace kat, don haka ka tambaya tun kafin a fara.

Na biyar, sauraro da kyamara, nan ne mutane suke faduwa

Wata rana muna daukar wani sin a wani gida, yaro sabon shiga kyakkyawa da shi, ya haddace komai tsaf, uwarsa a fim din tana fada masa mahaifinsa ya rasu a hanyar dawowa, dattijuwar nan tana yi har mu da muke baya jikinmu yayi sanyi, shi kuwa in ka kalli fuskarsa a monita, allon da ake ganin abinda kyamara take dauka, lebensa motsi yake yana bitar maganarsa ta gaba, jira kawai yake ta gama ya fadi nasa. Sau shida ana sakewa. Daga karshe darakta ya karbe takardar yace manta da abinda zaka ce, saurare ta kawai, in kaji kana son magana kayi in bakaji ba kayi shiru. Yaron yayi shiru, ya hadiye yawu, ya nemi bango ya dafa. Shi aka saka a fim din, maganar tasa ma ba'a yi amfani da ita ba. Rabin aktin a lokacin da wani yake magana ake yinsa, kuma edita yana son fuskar da take amsawa, ita yake yankowa.

Gwajin da zakuyi kai da abokinka: ku zauna kuna fuskantar juna, ya baka labarin wani abu da ya same shi na minti biyu, kai ba magana, waya tana daukar fuskarka kadai. Kalli bidiyon ba sauti. In wani zai iya gane labarin na dadi ne ko na bakin ciki daga fuskarka ba tare da ka yamutsa ta da gangan ba, to ka fara kama hanya.

Sannan kyamara ba dandali bace. A dabe dole ka bude hannu ka daga murya don na layin baya, amma in aka matso da kyamara fuskarka ta cika allo, daga gira daya ma ihu ne. Saboda haka ka rika tambayar mai daukar hoto, daga ina zuwa ina kake dauka ta? In daga nesa ne jikinka duka yayi aiki, in daga kirji ne rage motsi, in fuska ce bar wa ido. Kar ka kalli cikin gilashin kyamara sai ance ka kalla. In an sa maka alama a kasa, tef ko dutse ko takalmi, nan zaka tsaya ba tare da ka sunkuya kana nema ba, ka kirga taku nawa ne tun a rihazal, wato gwajin da ake yi kafin dauka, in ka wuce da taku daya ka fita daga haske ko hoton ya dushe. Kuma da yake sau da yawa kyamara daya ce, sin daya za'a dauke shi ta nesa, a dawo ta gefenka, a koma ta gefen abokin wasanka, to in da hannun dama ka dauki kofin shayi a na farko kuma ka kurba bayan kace "to shikenan", haka zakayi a duk sauran. Ni da na rike kontinuti wallahi babu wanda nake yiwa addu'a kamar dan wasan da yake tuna hannun da ya rike carbi.

Wani abu da ya kebanci fim dinmu, namiji baya taba mace, ko a matsayin mata da miji suka fito, ko uwa da da. Wasu suna ganin takura ce, ni kuwa ina ganin nan ake gane gwani, domin duk abinda dan wasan wata kasa zai nuna da runguma kai da ido da tazara da shiru zaka nuna shi. Yadda miji zai miko wa matarsa kofin ruwa bayan sunyi fada, yadda zata karba bata kalle shi ba, yadda uwa zata matso kusa da danta da ya dawo daga gidan yari ta tsaya taku daya tsakaninsu. Ku gwada irin wadannan, sunfi kukan karya wuya.

Kukan ma tunda na ambata, eh ana shafa Robb a kasan ido, kowa ya sani, amma hawaye kadai baya taba zuciyar kowa. Mutumin da yake kokarin danne kuka yafi mai barke baki ban tausayi.

Na shida, bidiyon gwaji da odishan, wato tantance yan wasa

Maimakon hoton jingina da mota, hada bidiyo biyu, kowanne kar ya wuce minti daya da rabi, daya na nutsuwa daya na barkwanci ko fada. Jingina wayar a gicciye, ba a tsaye ba, akan wani abu daidai tsayin idonka, ka fuskanci taga haske ya sauka a fuskarka, bayanka bango wanda babu tarkace, a kashe fanka da janareta, babu filta babu kida. Fadi sunanka da garinku da harsunan da kake ji, sai ka fara. Ka rika bibiyar shafukan kamfanonin fim da na tashoshi irin Arewa24 da ta fara aiki a 2014, domin masu shirye shirye masu dogon zango suna bukatar sabbin fuskoki fiye da masu fim din da, kuma wasu kan sanar da ranar tantancewa a fili. Ranar odishan kaje da wuri da kaya masu sauki, in an gyara maka ance sake yi a hankali to ka canza da gaske, sau da yawa ba don na farkon bai yi ba ake cewa ka sake, so ake a ga ko kana jin gyara. Kayi kuskure ka cigaba, kar ka tsaya kana bada hakuri. An ce za'a kira ka ba'a kira ba, ka tafi na gaba.

Na bakwai, rijista da ubangida da yan damfara

In a Kano zakayi aiki akwai Hukumar Tace Fina-finai da Dab'i ta jiha wacce aka kafa a 2001, ita take bada lasisi, a 2023 ma ta soke na kowa tace a sake sabo, sannan akwai MOPPAN, wato kungiyar masu sana'ar fim, da kungiyar jarumai. Ka taka da kafarka zuwa ofishinsu ka tambayi ka'idar da ake kai yanzu da abinda ake biya, ka karbi rasit, kar ka bawa wani dan tsakiya kudi yace zai yi maka. Harkar kuma har yanzu ta gida gida ce, yawanci sai ka zama yaron wani kamfani ko wani darakta, ka rika zuwa ofis, in ka zaga wajen Zoo Road zakaga irinsu, ka bi su lokeshan ka dauki fitila ka rike makirfo, a haka wata rana wani bai zo ba ace kai zo ka saka rigar nan. Ba laifi bane, amma ka zabi gidan da ake aiki, ka duba cikin shekarar nan me suka fitar, yaransu na baya ina suka kai. Duk wanda yace kawo kudi kaza na saka ka jarumi a fim dina, rike kudinka. Ni kaina farkon zuwana an taba karbe min kudin da na tara na wata uku akan fim din da har yau ba'a dora kyamara ba.

Ke kuma kanwata, ki fara da gida. Za'a nemi yardar iyayenki ko waliyyinki, kuma ko ba'a nema ba ke ki nema, wacce ta gudo daga gida ita ce ta farko da mugaye suke ganewa. Odishan a ofis ake yi da rana da mutane, duk wanda yace ki same shi a otal ko ki turo wani irin hoto ki toshe lambarsa ki fadawa shugabannin kungiya. In zaki lokeshan na kwana ki san a ina za'a sauka, da wace babbar mace zaki kwana, kuma wani a gida ya san wajen.

Na takwas, zaman lokeshan da maganar kudi

An ce karfe takwas kazo bakwai da rabi duk da kasan watakila sai azahar za'a fara, jira rabin sana'ar ne. Taho da kayan da aka ce, kala biyu ko uku a goge, ka guji masu kananan layi layi da fari kal don suna wahalar da kyamara, ka kashe karar waya, ka gaida kowa har mai dafa abinci da mai janareta, ba'a san wanda zai zama furodusa gobe ba. Kar ka dauki hoton lokeshan ka watsa ba izini, kar ka gyarawa babba wasa. In ba sin dinka ake ba kar ka tafi hira, tsaya bayan monita in an barka ka kalli yadda manya suke yi.

Sallama kuwa, ka tambaya cikin ladabi kafin a fara, nawa ne, yaushe, kudin mota a ciki yake ko daban, ko a sakon waya ne a rubuta. Farko farko abinda zaka samu da kyar ya wuce na mota da abinci. Kowa ya tuna surutun da akayi a 2022 lokacin da dattijuwa Ladin Cima ta fada a hirarta da BBC Hausa cewa wani lokacin dubu biyu ake bata, wasu furodusoshi suka fito suka musa, aka yi ta cacar baki, ko ma dai yaya ne ya isa ya nuna maka kar ka saki sana'arka. Tunda kasuwar faifan CD ta mutu aka koma YouTube da tashoshi kudin ya canza hanya, jarumai da yawa da talla da kasuwanci suke rike da kansu. In dinki kake ka cigaba, in makaranta kake ka gama, in kuma zaka iya koyon editin ko rubutun labari ko haske to ka koya, wanda ya iya abu biyu baya zaman banza a masana'antar nan.

Mai halin karatu, akwai sashen wasan kwaikwayo a ABU Zariya da BUK da Jami'ar Jos, akwai kuma makarantar koyon fim ta kasa a Jos karkashin hukumar fim ta Najeriya, wacce Ali Nuhu yake shugabanta tun 2024. Shi kansa turancinsa na cikin abinda ya bude masa kofar fina finan kudu, don haka kar ka raina gyara turanci ko wani yaren da kake ji, Fulatanci ne ko Kanuri ko Zabarmanci ko Faransanci ga yan uwanmu na Nijar.

Kafin a kira ka kuma kar ka zauna, ku hada gajeren wasa na minti uku da waya duk sati biyu ku dora, mai labari mai farko da karshe, banda zagi da rawar banza don masu daukar aiki suna leka shafinka kafin su kira ka. Duk bayan wata uku ka jera na farko da na karshe ka kalla ba sauti, in har yanzu hannunka yana yawo kamar mai bada hannu a titi to ka zauna akan hannuwan naka ka sake daukar sin din.